Ta'aziyya a Bakin Dajin Rugu: Tarihin Masihiyawan Ƙasar Katsina

Wanda ya bar birnin Katsina ya kama hanyar Batsari, kafin ya yi nisa zai wuce Babbar Ruga. Yaran yau sun san ta da asibitin mata masu yoyon fitsari, amma dattawa sun san asalinta zangon kutare ne. In ya ci gaba har Batsari ya karya kudu zuwa Safana, Dajin Rugu na hannun damansa, shimfiɗe har cikin ƙasar Zamfara. Tsakanin wancan zango da wannan daji akwai tarihin wata al'umma da ba a cika ba da labarinta ba, wato Hausawan ƙasar Katsina masu bin Yesu Almasihu, waɗanda ke kiran kansu Masihiyawa.

A Batsari da Safana ba su da yawa. Akasarin jama'ar Musulmi ne, Kiristocin da ke zaune a can kuwa sun haɗa da ma'aikata da 'yan kasuwa da jami'an tsaro da neman abinci ya kawo. Ƙarfin Masihiyawa yana kudu, wajen Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara da Matazu. Sai dai masifar da ta fito daga Rugu ta game yammacin jihar da kudancinta, ta shiga masallaci ta shiga majami'a. Abin da nake so in bi sawunsa shi ne inda waɗannan mutane suke samo ƙarfin zuciya, da irin tarihin da ya koya musu tsayuwa.

Ƙasar da ta daɗe da sanin gudu

Wahala ba baƙuwa ba ce a yammacin Katsina. Bayan da Ummarun Dallaje ya karɓi birnin Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Tun daga lokacin yankin Ruma ya zama bakin daga. A zamanin Sarkin Katsina Siddiku, wanda ya yi mulki daga 1836 zuwa 1844, garuruwan yankin suka goyi bayan Ɗan Mari na gidan sarautar Haɓe. Aka murƙushe tawayen, garuruwa suka watse, gonaki suka koma kurmi. Wani sashe na dajin da ake tsoro a yau kufai ne na mutanen da suka gudu a wancan zamani. Daga baya mahayan Maraɗi, musamman a zamanin Ɗan Baskore, suka riƙa ratsa dajin suna kwasar mutane da dabbobi. Dalili ke nan da Ruma ta zama garin mayaƙa, har yau ake ambaton Sarkin Ruma Ɗanwaire idan ana lissafin jarumawan Katsina. Hakimin Batsari na riƙe da sarautar Sarkin Ruma har yanzu, na Safana kuma shi ne Yariman Katsina.

Da yaƙi ya kwanta bayan zuwan Turawa a 1903, yunwa ta karɓa. Kakalaba ta 1914 ta share gidaje, 'Yar Buhu ta biyo baya a 1927. Saboda haka duk addinin da zai yi magana da mutumin wannan ƙasa, dole ya zo da amsa a kan mutuwar 'ya'ya da rumbun da ya ƙare tun kafin damina. Musulmi na da haƙuri da tawakkali da imani da ƙaddara. Maguzawa, waɗanda suka riƙe addinin kakanni a manyan gidajensu na noma, suna da tsafi da yanka ga iskoki. Bisharar Almasihu ta iso ne ta tarar da mutanen da suka san kuka, suka kuma san yadda ake rarrashi.

Ƙofar da ta daɗe a rufe

Tun a 1711 wasu limaman Katolika biyu 'yan ɗariƙar Faransis, da suka taso daga Tarabulus suka ratso ta Agadas, suka rasu a Katsina ba tare da sun bar mabiya ba. Sai bayan kusan shekara ɗari biyu aka sake gwadawa. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Hausa. A cikin shekara guda, biyu daga cikinsu suka mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham da ya rage shi ya raya ƙungiyar da aka sani da SIM. A 1900 ayarin Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Da Gwamna Lugga ya ci ƙasar, ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa musu addini ba, jami'an mulkin mallaka kuwa suka riƙe alkawarin ta hanyar hana 'yan mishan zama a masarautun Musulmi. Likita Mila na mishan ɗin CMS kaɗai ya sami wuri a birnin Zariya, kuma a 1929 aka mai da aikinsa Wusasa.

Abin da ya riga 'yan mishan shiga ƙasar Katsina littafi ne. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan aikin shekaru da Mila da abokan aikinsa Hausawa da wasu masu fassara suka yi. Wannan babban al'amari ne ga abin da ya biyo baya. Bahaushen da zai ba da gaskiya ba sai ya koyi harshen wani kafin ya kai kukansa ga Allah ba. Zabura da littafin Ayuba da Linjila sun zo masa da kalmomin da yake gaisuwar mutuwa da su.

Babbar Ruga

Ƙofar da siyasa ta rufe, ciwo ne ya buɗe ta. Kuturta ta yi yawa a Arewa a wancan lokaci, hukumomin En'e kuma suna da zangunan kutare amma ba su da ma'aikatan da za su zauna a ciki. Wajen 1937, bayan tattaunawar da Albert Helser ya jagoranta a madadin SIM, aka miƙa wa mishan ɗin kula da zangunan Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina. A Katsina wannan ya faru ne a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sarkin da ya shahara da buɗe ƙofa ga makaranta da asibiti. Sharaɗin shi ne a yi magani, kada a tilasta wa kowa addini.

Sai mutum ya tuna matsayin kuturu a wancan zamani kafin ya gane abin da ya faru a zangon. Al'ummar Hausa ba ta kore shi daji ba, tana ba shi sadaka, har yana da sarkinsa a gari. Amma ƙwaryarsa daban, aurensa da wuya, sana'arsa bara. Wanda yatsunsa suka gutsure ba ya iya riƙe fartanya, manomin da ba ya noma kuwa ya rasa abin da ake kiransa mutum da shi. Maganin da ake da shi a lokacin man wani itace ne da ake kawowa daga Indiya, ana yin allurarsa a fata, mai zafi ƙwarai, kuma ba kowa yake warkarwa ba. Sai a ƙarshen shekarun 1940, bayan gwajin da Likita John Lowe ya yi a Uzuakoli ta ƙasar Ibo, ƙwayar dapsone ta bazu, aka fara sallamar mutane da takardar shaidar sun warke.

A zangon, majinyata suna noma gwargwadon ƙarfinsu, suna koyon karatun boko, wasu suna koyon wanke miki da ɗaurin bandeji. Da yawa sun shiga Musulmi sun fita Musulmi, da lafiyarsu da godiyarsu. Wasu kuma suka ji labarin da ke cikin Linjilar Markus, na kuturun da ya durƙusa gaban Yesu, Yesu kuwa bai tsaya daga nesa ya yi masa addu'a ba, sai da ya miƙa hannu ya taɓa shi. Mutumin da ya shekara goma babu wanda ya yi musabaha da shi, kuma da safen nan wata ma'aikaciya ta riƙe ƙafarsa mai ruɓa ta wanke, ba ya bukatar dogon tafsiri a kan wannan labari. Daga cikin irin waɗannan mutane da 'ya'yansu aka sami masu ba da magani a ƙananan asibitoci, da malaman makaranta, da masu bishara na farko Hausawa. Haka abin ya kasance a hayin iyaka ma, inda SIM ta zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, daga baya ta kafa zangon kutare na Danja.

Wannan asali ya bar tambari. Ikkilisiyar Hausawa ba a fada aka haife ta ba, ba kuma a gidan attajiri ba. Mutanenta na farko ba su ga addinin ya mayar musu da yatsun da suka rasa ba, don haka ba su taɓa ɗaukarsa a matsayin alkawarin cewa wahala ba za ta zo ba. Abin da suka samu shi ne tabbacin cewa Allah bai ƙyamace su ba, kuma sun ga tabbacin a hannun mutum kafin su karanta shi a takarda. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitocin mishan, ciki har da Babbar Ruga. Likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan, da ya zo aikin kuturta a farkon shekarun 1980, shi ya fara ɗinkin yoyon fitsari a can, wurin ya ci gaba da zama mafakar waɗanda ciwo ya raba da jama'a.

Gidajen Maguzawa

Saiwa ta biyu ta ikkilisiyar Hausawa tana gidajen noma na kudancin Katsina. Masanin tarihi Murray Last ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi wajen 1970, ya rubuta yadda rayuwarsu take: gida guda mai mutane da yawa, gandu na kowa da kowa, gayauna ta kowace mace, rumbuna cike, da kuma hidimar iskoki da ba ta ƙarewa. Bayan samun mulkin kai, zama Bamaguje ya yi ta ƙara wuya. Rangadin musuluntarwa na Sardauna tsakanin 1963 da 1965, da makarantar boko, da kasuwa, duk suka matsa wa mutum ya zaɓi ɗaya daga cikin addinan littafi. Da yawa suka musulunta. Wasu gidaje suka karɓi Almasihu.

A lokacin ikkilisiyoyi sun fara tsayawa da ƙafarsu. An kafa ECWA a Kagoro a 1954, reshenta na aika masu bishara kuma ya riga ta, tun 1948. Masu bisharar nan 'yan ƙasa ne daga Filato da kudancin Zariya da Tangale, masu jin Hausa, waɗanda suka zauna a ƙauye suka yi noma kamar kowa. Ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa da ta taso a shekarun 1960 ta koya wa talakan mai bi ya fita wa'azi da kansa. Ta ɓangaren Katolika, limamai 'yan ɗariƙar Dominik daga Amurka suka yi aiki a yankin da ya zama Dayosis na Sakkwato a 1964, Malumfashi kuma ta zama cibiyar horar da katikis. Angilika ta kafa nata Dayosis na Katsina a 1990.

Me ya ja Bamaguje? Makaranta da magani suna ciki, babu musu. Amma tsofaffin da suka tuba sun fi ambaton hutawa daga tsoro: tsoron maye, tsoron iskar da ba a yi wa yanka ba, zargin juna duk lokacin da yaro ya mutu. Sun ji cewa an yi hadaya guda wadda ta isa, ba sai an sake zubar da jinin akuya ba, suka huta. Sai dai hutun ya zo da nasa nauyi. Bahaushe Kirista ya tsinci kansa a tsakiya: a gari ana yi masa kallon wanda ya bar hanya, Kiristan kudu kuma yana mamakin jin mai suna Audu ko Talatu a majami'a. Sun daɗe suna kuka a kan wahalar samun filin gina wurin sujada da malaman addininsu a makarantun gwamnati. A watan Maris na 1987, da rikicin Kafanchan ya bazu, an ƙone majami'u a Funtuwa da Katsina, 'yan watanni kafin a ƙirƙiro jihar a Satumba. An sake ƙone wasu bayan zaɓen Afrilun 2011. Kowane karo sun share toka sun yi sujada a ƙarƙashin rumfa har aka sake gini. Tarayyar Masihiyawan Najeriya ta taso ne don ta ce da babbar murya cewa su 'yan ƙasa ne, Hausawa da Fulani da Barebari, ba baƙi ba.

A cikin waɗannan shekaru aka gina abin da ya fi kowane gini amfani, wato Zumuntar Mata. Su ne masu tulu da caki, masu tsara waƙoƙinsu da karin Hausa. Su ne kuma masu zuwa gidan haihuwa da gidan rasuwa da tiyar hatsi da dauren itace, su kwana da mai takaba, su yi mata girki. Fari na 1973 da na 1984 sun gwada wannan zumunci, ya kuwa riƙe.

Da dajin ya farka

Abin da ya fara da satar shanu a Zamfara wajen 2011 ya ratso Rugu ya shigo Katsina. Dalilansa sanannu ne: burtali da makiyaya da gonaki suka cinye, zaluncin da makiyaya suka daɗe suna kuka da shi a hannun wasu alƙalai da jami'ai, ramuwar 'yan sa-kai a kan mai laifi da marar laifi, makaman da suka malalo bayan rushewar Libiya, da kuma rashin hukuma a ƙauye. A Maris na 2014 an kashe mutum fiye da ɗari a ƙauyukan Faskari da Sabuwa. Daga nan aka koma satar mutane don kuɗin fansa, da sa wa manoma haraji kafin su shiga gonarsu. Ƙananan hukumomi takwas suka zama bakin daga: Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume.

A Mayun 2019 mutanen 'Yar Gamji ta Batsari suka ɗauko gawarwakin 'yan'uwansu 18 suka kawo birnin Katsina har ƙofar fadar sarki, don hukuma ta gani da idonta. A Satumban shekarar Gwamna Aminu Bello Masari ya shiga daji ya yi sulhu da 'yan bindiga, sulhun bai daɗe ba. Ranar 14 ga Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar, duk a Batsari. Ranar 18 ga Afrilu aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. Ranar 11 ga Disamba aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A Satumban 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Mata da yara suka cika makarantun firamare da kangaye a Batsari da Katsina da Dutsin-Ma, dubban mutane daga jihohin iyaka kuma suka tsallaka jihar Maraɗi.

Mafi yawan waɗanda aka kashe Musulmi ne, domin su ne mafi yawan mazauna, kuma harin masallacin Unguwar Mantau ta Malumfashi a Agustan 2025, inda aka buɗe wa masu sallar asuba wuta, ya isa shaida. Masihiyawa ma sun sha nasu kason. A Mayun 2021 aka afka wa cocin Katolika na Malumfashi da dare, aka kashe Fada Alphonsus Bello, matashin limami, aka tafi da dattijo Fada Joe Keke. Ranar 25 ga Mayun 2022 aka shiga cocin Gidan Maikambo a Ƙafur, aka sace Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara da wasu mutum biyu, suka yi kwana 33 a daji. A Janairun 2023 aka tarar da masu sujada a wata majami'a a ƙasar Ƙanƙara ranar Lahadi, aka raunata fasto, aka kora wasu daji. Al'ummar da ba ta da yawa, kowane rashi yana girgiza ta har gindi. Ƙauyen da ya watse, majami'arsa ta rufe ke nan.

Inda ta'aziyyar take fitowa

Wanda ya zauna a sujadar Hausa a waɗannan shekaru zai lura da wuraren da ake yawan buɗewa a Littafi. Littafin Ayuba ya fara ne da mahara da suka kore shanunsa da jakunansa da raƙumansa suka karkashe barorinsa. Manomin bakin Rugu ba ya jin wannan a matsayin tatsuniya. Yana kuma lura cewa abokan Ayuba da suka nace lallai zunubinsa ne ya jawo masa, su Allah ya tsauta wa a ƙarshe. Wannan yana sauke wa mutum wani kaya mai nauyi, domin wanda aka kashe wa ɗa yakan kwana yana tuhumar kansa. Ana karanta labarin Yusufu da aka sayar, ana karanta yadda aka gudu da jariri Yesu zuwa Masar cikin dare don tsoron takobin sarki, matar da ke kwana a ajin firamare da goyo a baya ta ji cewa Ubangijinta ma ya yi gudun hijira. Ana karanta Annabi Irmiya da ya sayi gona a garinsu alhali maƙiya sun kewaye birni, ya sa aka adana takardar cinikin a tukunya, don ya nuna za a sake noma a ƙasar. Zabura kuwa ta ba mai bi izinin yin kuka da tambayar Allah har yaushe, ba tare da an ce ya yi saɓo ba.

A ƙarƙashin duk wannan akwai gicciye. Bangaskiyar Masihi ta tsaya ne a kan cewa an kama Almasihu da dare, an ɗaure shi, an yi masa duka, an kashe shi ba da laifi ba, kuma ya tashi. Saboda haka idan aka je gaisuwa, bayan “sannu da haƙuri” da kowa ke faɗa, sai a ƙara da cewa mamacin ya yi barci cikin Ubangiji, za a sake saduwa. Maganar ba ta hana hawaye, amma tana hana mai kisa zama mai magana ta ƙarshe.

Ta'aziyyar ba ta tsaya a baki ba, kamar yadda ba ta tsaya a baki ba tun farko. Idan an sace mutum, dangi na sayar da hatsi da shanu, wani lokaci har gona, ikkilisiya kuma ta yanka baiko na musamman, a aika wa 'yan'uwa na birni. Maƙwabta ba sa tambayar addini a irin wannan rana. Musulmi na sa hannu a fansar Kirista, Kirista na zuwa zaman makokin Musulmi. Idan wanda aka sace ya dawo, aiki na biyu ya fara, domin jiki na dawowa gida kafin hankali ya dawo. Matan da aka ci wa mutunci a daji su suka fi bukatar a karɓe su ba tare da tsegumi ba, a nan kuwa Zumuntar Mata take nuna amfaninta. Fada Ojapah, bayan ya fito, ya kafa wata ƙungiya ta taimakon waɗanda suka kuɓuta daga hannun masu garkuwa, don a saurare su a kuma yi musu jinyar zuciya.

Mafi wuyar darasi shi ne gafara. Wanda ya binne ɗan'uwansa yana jin zuciyarsa na raya masa cewa duk Bafulatani maƙiyi ne. Amma tarihin rikicin nan ya nuna ramuwar gayya ce ta hura shi, kuma makiyaya da yawa sun rasa garkensu da 'ya'yansu a hannun ɓarayin nan. Koyarwar Almasihu ta hana ramuwa, ta umarci a yi wa maƙiyi addu'a, fastoci da katikis na ƙauye kuwa suna faɗar haka a gaban mutanen da idonsu ya yi ja. Ba kowa ke iyawa ba. Akwai wanda ya karaya ya daina zuwa sujada, akwai wanda ya koma neman laya da maganin bindiga, akwai kuma masu wa'azin da ke sayar da alkawarin cewa mai bangaskiya harsashi ba ya taɓa shi. Wannan alkawari ba gadon ikkilisiyar Hausawa ba ne, kuma ranar da harsashin ya taɓa, yakan tafi da bangaskiyar gaba ɗaya.

Abin da ya rage a wuyanmu

Ranar 16 ga Oktoban 2023 Fafaroma Francis ya ƙirƙiro Dayosis na Katsina daga na Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko, aka keɓe shi a Disamba. Shi ne Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Katolika, kuma naɗin ya zo a tsakiyar shekarun kuka. A watan Oktoban nan ne Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan ƙasa. A 2025 al'ummomin Batsari da Jibiya da Safana da wasu ƙananan hukumomi suka zauna sulhu da 'yan bindiga, wasu hanyoyi suka buɗe, wasu manoma suka koma gona, duk da cewa makaman suna hannun masu su. A shekarar ce kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida. Gonar da ba a noma ba tana kisa ko bayan bindiga ta yi shiru.

Don haka kada wani ya ɗauki haƙurin masu bi a matsayin izinin yin sakaci. Addinin da ya koya wa gwauruwa ta gafarta, shi ne kuma ya ɗora wa mai mulki alhakin kare marayu da hukunta mai zubar da jini. Mutanen Batsari da Safana, Musulminsu da Kiristansu, suna bin hukuma bashin tsaro, da shari'a ta gaskiya tsakanin manomi da makiyayi, da makarantun da aka rufe. Ikkilisiyoyin birni kuma suna bin kansu bashin tunawa da 'yan'uwansu na ƙauye: a tallafa wa mai bisharar da ya ƙi gudu, a ɗauki nauyin karatun marayu, a horar da masu jinyar zuciya da harshen Hausa, a kuma raba abin da aka samu da maƙwabci ba tare da duban inda yake sujada ba. Akwai kuma aikin rubutu. Tsofaffin da suka san zamanin zangon kutare da waɗanda suka fito daga gidajen Maguzawa suna ƙarewa, waɗanda suka dawo daga daji kuma suna ɗauke da shaidar da ba a rubuta ba. Wajibi ne a zauna da su a rubuta da sunayen garuruwa da shekaru, domin yaran da aka haifa a gudun hijira su san cewa iyayensu sun ga abin da ya isa ya sa mutum ya zagi Allah ya ɗauki makami, amma da yawansu suka zaɓi su yi addu'a, su ciyar da maƙwabci, su koma gona.